Tafintan Injin

Zuwa ga uwargidana,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da 'yar jaririyarmu Mamana. Yaya zazzaɓin haƙorinta? Ki yi haƙuri da takarda, a ƙofa ake karɓe mana waya don kar a ɗauki hoton zanen masu kawo aiki, kuma in na tashi aiki ko bakina ba na iya buɗewa.

Kin ce ba ki gane abin da ya riƙe ni ba. Wani inji ne, yana juya ƙarfe yana fiƙe shi, yana huda shi ta kowace fuska. Kwamfuta ce ke zana yadda za a yanka, amma injin ba ya jin yarenta. Aikina shi ne in rubuta tafintan da ke tsakaninsu, wanda 'yan aiki ke kira fos. Manaja ya ce ba zai sa hannu a takardar hutuna ba sai injin ya fitar da ƙarfe ɗaya lafiya lau ba tare da ina tsaye a kansa ba.

Injin hannu biyu gare shi. Na farko ya gama gaba, sai na biyu ya karɓa ya gama baya. Da yake suna fuskantar juna, daman wannan shi ne hagun wancan, tafintana kuwa ya manta. Jiya wuƙar yankan ta nufi muƙamuƙin injin mai riƙe ƙarfe gadan-gadan, da kyar na kai ga jan maɓallin tsayarwa. Babban makanike ya ce dama ba zai amince da tafintan da wanda ba ya magana ya rubuta ba. Na yi dariyar yaƙe kawai.

Naki,
Baban Mamana

Zuwa ga uwargidana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta zo. Wai Mamana ta fara magana, kuma wayarki take nunawa ta ce Baba? Na karanta wurin a tsaye, bayan gilashin injin, ruwan sanyaya wuƙa na fesuwa a jikinsa. Na ce wa makanike tururi ne ya shiga mini ido. Bai yarda ba, amma ya ƙyale ni.

Ga albishir, ko da yake ban san ko albishir ne ba. Na gyara hannun na biyu. Yau da safe na koma ƙarshen rumfa, na zura hannuwana a aljihu, injin ya karɓi ƙarfe ya juya ya gama shi tas. Aka auna, ko gashi bai kauce ba.

Manaja ya rungume ni, ya ce bai taɓa samun irina ba. Na zaro takardar hutu. Maimakon biro, sai ya kama hannuna ya kai ni bayan rumfa, inda wani ƙaton akwatin katako yake. Wani injin ne, na wani kamfani daban, yarensa ma daban. Ya ce ganin aikina ne ya ba shi ƙarfin gwiwar karɓo shi, kuma sai wannan injin ya tashi za a yi maganar hutu.

Na tsaya ina kallon akwatin. Har na yi tunanin da na bar wuƙar ta fasa muƙamuƙin, da tuni sun kore ni ina gida.

Kin ce kina ta gyara mata, kina cewa waya ba Baba ba ce. Don Allah ki daina. Ki bar ta ta riƙe kalmar a wani wuri har in zo in karɓa.

Naki har kullum,
Baban Mamana