Amsa Sallama Ce Kuka Kira Satar Jarrabawa

Zuwa ga Mai Girma Daraktan makarantar da ke koya mana injiniyancin lantarki daga nesa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali da ma'aikatanka suna lafiya. Da gangan na fara da sallama, domin a kanta maganata take.

Sunana Ma'azu, ma'aikacin lantarki a Madarumfa. Ina ɗora pano na hasken rana, ina gyaran famfunan masu garka, wato lambu, a bakin tafki, a ƙarƙashin wani ƙaramin kamfani. Na shiga karatunku ne don kun ce an tsara shi saboda mai aiki, ya yi karatu daga gida ba sai ya bar sana'arsa ba. Shekara biyu ina saukowa daga rufin mutane in buɗe ordinatar, wato kwamfuta, wani lokaci sai na hau tudu neman rezon intanet, kuma ban taɓa kai ƙorafi ba. Maigidana a wurin aiki ya yi mini alkawari, in na kawo diplom ni zan riƙe ayyukan garuruwan Gabi da Sarkin Yamma.

Kwatsam sai ga saƙonku, wai an soke jarrabawata ta ƙarshe saboda na samu taimakon wani daga waje. Na karanta, na sake karantawa, na duba ko sunan wani ne aka aiko mini bisa kuskure. Wallahi sai da na zauna a ƙasa. Kuma kun aika wa maigidana kwafin takardar tun kafin ku ji ta bakina.

Na ɗaya, ga abin da ya faru. Da hantsi ne, ina zaure, don nan ne kawai rezo ke kamawa a gidanmu, kamara tana kallona yadda kuka sharɗanta. Baba Nomau, ƙanen mahaifina wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami, ya tsaya a ƙofa ya yi sallama. Na yi shiru ina fatan ya wuce. Ya sake yi, ya kuma sake, alhali yana ganina zaune. Ga iyakar abin da ya fito daga bakina: "Wa alaikumus salam, Baba. Jarrabawa nake, in na gama ina zuwa." Ya ce famfon garkarsa ne ya tsaya, albasa na shan rana, amma in gama tukuna, Allah ya ba da sa'a. Ya juya ya tafi, ni ko idona bai bar allo ba.

Na biyu, wanda kuke zargi da ba ni amsa. Baba Nomau bai taɓa shiga lakkwal, makarantar boko, ba. Kowace waya ya gani sunanta kuran, wato wutar lantarki, kuma har yau ba ya taɓa makunnin famfonsa sai ya naɗe hannu da hula. Wannan dattijon ne ya raɗa mini lissafin taransifoma?

Na uku, wa ya saurara? Da na kira ofishinku, wata ma'aikaciya ta gaya mini cikin ladabi cewa na'ura ce ke sauraro, da ta ji murya biyu sai ta sa alamar ja, su kuma su bi. Na tambaye ta ko akwai ɗan Adam ɗin da ya ji abin da aka naɗa. Ta ce babu. Mai Girma Darakta, malamanku ne suka koya mana kada mu yarda da na'urar awo sai mun gwada ta, ga shi kun bar na'ura ta yanke wa mutum hukuncin ɓarawo.

Na san dokarku ta hana magana, ban musa ba. In laifi ne, ku kira shi da sunansa, ku rubuta cewa Ma'azu ya amsa sallamar ubansa. Mai gyaran lantarki har ɗakin kwanan mutane yake shiga, saboda an yarda da shi. Yanzu maigidana ya jingine maganar Gabi, kuma na fara jin ana ce mini injiniyan satar amsa a bakin tasha.

Roƙona kaɗan ne. Ka sa mutum mai jin Hausa ya saurari naɗin, ko kai da kanka. A janye takardar da aka aika wa maigidana. In kuwa har yanzu da shakka, ku kira ni, in zo in sake jarrabawar a gabanku da sababbin tambayoyi.

Abu ɗaya ya fi diplom ɗin ci mini rai. Tun da Baba Nomau ya ji labarin, ya daina sallama a ƙofata. Zuwa yake ya tsaya a waje cikin rana, shiru, sai wani ya lura da shi. Na roƙe shi ya bari, ya ce ba zai ƙara jawo mini asara ba.

Allah ya ja zamaninka, ya yi maka jagora a kan wannan kujera, ya sa duk ranar da ka yi sallama a ƙofar ɗanka ya amsa maka ba tare da fargaba ba.

Wassalam.

Naka mai jiran amsa,
Ma'azu, Madarumfa