Gajeriyar Igiya

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan randata bayan doguwar tafiya, maigidana abin alfaharina,

Sallama irin ta wadda ta gaji amma ba ta daina so ba. Na san za ka yi mamakin tsintar takarda a aljihun rigar aikinka, alhali rufi ɗaya ne a kanmu, kwano ɗaya muke sa hannu. To ya zan yi? Na yi magana da baki, ka ce "uhm" idonka na kan waya. Na turo maka saƙo, ya faɗo a saman gilashin, ka ture shi da ɗan yatsa don ya tare maka wasa. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallonka lokacin da ka ture shi! Shi ya sa na koma ga biro da takarda.

Na gaji, masoyina. Ba gajiyar keken ɗinki nake nufi ba, wannan mun saba da juna: baya ya riƙe, in shafa magani in kwanta, gari ya waye ya sake ni. Gajiyar zama kusa da mutumin da ba ya nan ce take cina, kuma ita ban san abin da ake shafa mata ba.

Ka tuna akwatin gem ɗin nan da ka shigo da shi a shekararmu ta farko, tsohon hannu, gefensa ɗaure da salatif? Ka tuna hannuwan wasansa guda biyu, masu igiyar da ba ta kai ko'ina? Dole sai mun ja tabarma har gindin talabijin, mu zauna kafaɗa da kafaɗa, gwiwata a jikin taka. Wayyo yammacin ranar hutunka! Rana tana sauka ta labule, shayi yana hucewa a gefe ba wanda ya tuna da shi, mu kuma muna tseren mota kamar waɗanda aka yi wa alkawarin kujerar jirgi. In motarka ta sha kwana, duk jikinka sai ya karkato kaina. Kai da kake wuni kana tuƙa motar kamfani, mai lasisi da hular aiki, ni mai taka keken ɗinki nake wuce ka a kwanar ƙarshe! Sai ka ɓata rai ka ce, "Wallahi hannun nan naki ya fi nawa lafiya, kawo mu musanya." Mu musanya, igiyoyin su sarƙe, mu haɗa kai muna warwarewa muna dariya, in sake cinye ka. A wancan zaman ne kake ba ni labarin ogan da ya ɓata maka rai, ni kuma in ba ka na matar da ta ce na tsuke mata riga alhali ita ce ta ƙara jiki.

Ka san abin da ya fi yi min ciwo? Da alheri aka fara. Ka ga ina dafe baya in mun tashi daga tabarma, sai ga ka da sababbin hannuwa marasa igiya, kana murna kana cewa, "Gimbiya, kin huta da zaman ƙasa." Na yi godiya, har ga Allah na yi. Ka koma kujerar bakin taga, na hau doguwar kujera, motarka ta riƙa shan kwanarta ba tare da kafaɗarka ta taɓa ni ba. Wa zai yi ƙorafi a kan kyauta?

Sai waya ta ƙarasa sauran. Ban ga laifinka ba, hasken raina. Na san yadda kake zaman jiran oga a cikin mota, rana na dukan gilashi, ba abokin hira sai mai gadin da ba ya son magana. Akwatin gem yana son wuta, yana son talabijin, yana son a zauna, yana son mutum na biyu. Na waya kuwa ba ya neman kowa, aljihu kawai yake so. Ya ɗebe maka kewa a wurin aiki, na gode masa. Amma me ya kawo shi cikin ɗakina? Me ya zaunar da shi a gefen farantinka?

Har ka saka min wasan gonar nan a tawa wayar, ka ce, "Kin ga yanzu ko ina nake muna tare." Muna tare! Kana cikin ɗaki ina falo, sai in ji wayata ta yi ƙara: wai ka shayar min da shuka, wai ka aiko min da kyautar kaza. Bango ɗaya ne tsakaninmu, farin cikina, kuma ƙofar a buɗe take. Gonata ta cikin waya ta yi kore shar saboda kulawarka, ni kuwa rabon da ka tambaye ni yadda na wuni har na manta.

Shekaranjiya ina ninke kaya na ji kana ce wa ƙaninka, "Zo ka ɗauke akwatin nan ranar Asabar, ƙura kawai yake sha, ba mai taɓa shi." Ba mai taɓa shi? Wa kake zaton yake goge shi duk safiya? Ban hana yaron nan komai ba, ka sani, ƙanina ne ni ma. Amma in akwatin ya fita daga gidan nan, me ya rage da zai sake zaunar da mu wuri ɗaya muna fuskantar abu ɗaya? Ina tsoro, wallahi ina tsoro, kada mu tsufa muna aika wa juna kaji ta bayan bango.

Jiya na tono tsofaffin hannuwan nan daga ƙarƙashin gado, na kai wa mai gyaran rediyo na bakin layi, don igiyar ɗaya ta tsinke a gindi. Ya jujjuya su, ya ce, "Baiwar Allah, wannan igiya ai ta yi gajarta da yawa. In ƙara miki tsawo, ki zauna har bakin ƙofa kina wasanki." Na ce ya haɗa inda ya tsinke kawai, ya bar ta yadda ya gan ta. Ya kalle ni kamar ban da wayo, ban yi masa bayani ba.

Roƙona ɗaya ne, ya taurarona. Gobe Juma'a in ka dawo, ka ajiye wayar a kan firij tare da makullin mota. Za ka tarar da tabarma a gindin talabijin, shayi a gefe. Tsere ɗaya nake nema. In mun gama ka dube ni ka ce har yanzu a ba wa ƙaninka, ni da hannuna zan naɗe akwatin a sabon ƙyalle in miƙa masa, ba za ka ga hawayena ba. Amma kada ka sa rai zan bar ka ka ci don lallashi; a kwanar ƙarshe zan wuce ka, kuma ina so in ji nauyin kafaɗarka lokacin da kake ƙoƙarin tare ni.

Taka ce jiya, taka ce yau, taka ce har ranar da hannuwana za su kasa riƙe allura,

Matarka, mai jiran ka a kan tabarma, da gurbinka a gefen hagunta.