Hanyar Kogon Gishiri

Litinin, 3 ga Maris

Sun dawo da tsohon wasanmu na kwamfuta! Ina tsaye gaban injin yanka gilashi a shago saƙon Kunkuru ya shigo, saura kaɗan in ɓata tabaran wata mata. Kunkuru fa, shugaban ƙungiyarmu na da, rabona da shi shekara goma sha ɗaya. Ya ce kamfanin zai buɗe wasan yadda yake tun farko, ba a taɓa komai ba. "Balbela, har yanzu hannunki na warkarwa? Asabar, ƙarfe biyu."

Balbela! Sunana ne a wasan, ba wanda ya kira ni haka tun kafin in yi haihuwar fari. Ni da shekara talatin da takwas ina ta dariya ni kaɗai, Oga yana leƙo ni ta saman tabaransa.

Laraba, 5 ga Maris

Na sauko da kwamfutar daga saman kwaba, na goge ta. Tana ƙugi kamar tsohuwar fanka, amma ta tashi.

Na so in yi wa Maigida bayani, na sha wuya. Na ce duniya ce guda a intanet, mutane dubbai a ciki, kowa da ɗan mutumin da yake sarrafawa. Mutanen garin cikin wasan su ba ka aike, je ka kashe dodo kaza, kawo ganye kaza. Manyan aike kuwa sai an haɗu: mai garkuwa a gaba yana shan duka, masu kai hari a gefe, mai magani a baya tana riƙe da ran kowa. Ni ce ta baya. Ya saurara tsaf, sai ya ce, "Wato ki taso daga aiki ki zo gida a ci gaba da aikenki?" Na jefe shi da matashi.

Ya tambayi abin da ya sa na bari tun farko. Ban san ta yadda zan faɗa ba, don a hankali abin ya zo. Da farko suka sa alama a kan duk mai ba da aike. Muka yi murna. Sai kibiya mai nuna hanya. Muka yi murna. Sai madanni ɗaya da zai haɗa ka da mutum huɗu da ba ka sani ba, ya jefa ku cikin kogo. Wallahi wannan ma na yi murna, lokacin ina goyo, minti ashirin kaɗai nake samu. Wata rana dai na duba jerin abokaina, sunaye sittin, duk a dushe.

Asabar, 8 ga Maris

Wayyo daɗi!

Garin farko ya cika maƙil. Aiken farko, wutsiyar ɓera takwas, ɓerayen kuma ba su isa ba, sai ga mutane sun ja layi. Layi a cikin wasa, manya da iyali, kowa yana jiran ɓeransa! Wani ya yi shigar burtu ya tsallake layi, aka yi masa ca har ya ba da haƙuri. A ƙofar gari ana ta shela kamar da: ana neman mai magani, ana neman wanda ya san inda maƙeri yake. Wata ta tambaye ni hanyar rijiya, na kai ta da ƙafata, muka yi hirar ciwon baya.

Muryar Kunkuru ta tsufa, surutun bai tsufa ba. Ya yi ritaya daga koyarwa. Ya kawo 'yar ƙanwarsa, ma'aikaciyar jinya, sunanta a wasa Barkono, mai baka ce, sabon salon kawai ta sani. Sai tambaya take ina kibiyar nan mai nuna hanya. Kunkuru ya ce, "Kibiyar ita ce bakinki, ki gaishe da mutane."

Daf da tashi ya ce ya samo mana mai garkuwa. Sunan ya fito a gefen allo: Bango.

Na kashe kwamfutar ban yi sallama ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Bango Yaya ne. Shi ya koya min wasan, a kwamfutar da Baba ya saya masa don karatu. Mu yi ta faɗa a kan kujera ɗaya.

Shekara uku ba mu yi magana ba. Wata takwas Baba ya yi yana jinya, ni ce wanka, ni ce magani, ni ce kwanan asibiti. Yaya ya zo sau biyu, kowanne bai cika awa ɗaya ba. Ranar rasuwa ya shigo da jakarsa, na ce a gaban kowa, "A ba baƙo wuri." Ya juya. Shi ke nan.

Kunkuru bai sani ba. Ko ya sani? Tsohon nan ba a gane masa.

Ba zan bar wasan don wani ba. Ni na fara zuwa.

Laraba, 12 ga Maris

Na kai mataki na goma sha huɗu a wasan! Na samu sandar azurfa, na yi ihu har ƙaramar 'yata ta fito daga banɗaki da kumfa a ka.

Asabar, 15 ga Maris

Kogon Gishiri. Kwana biyar muna haɗa mabuɗinsa, aike bakwai a jere, ɗaya har tsibiri. Dokar tsohon wasa: in duk ƙungiya ta mutu a ciki, mabuɗin ya karye, a koma farko.

Shigarmu ta yi kyau ƙwarai. Barkono ta fara gane abin, tana ta "kai, ashe sai an jira juna!" Yaya bai kira ni da komai ba sai "mai magani". Mai magani, kina shirye? Mai magani, zan ja dodanni biyu. Muryarsa a kunnena, irin ta Baba sak, wannan ɗan kaki kafin ya yi magana.

A ɗaki na uku ya ja dodanni huɗu a madadin biyu. Jan layin ransa yana sauka, yana sauka. Yatsana yana kan madannin. Ya ce, "Mai magani, ina buƙatarki yanzu."

Yanzu.

Ban danna ba. Na ƙirga uku a raina ina kallo. Ya faɗi, suka yo kanmu, cikin daƙiƙa goma duk muna kwance. Mabuɗi ya tafi.

Na ce intanet ne ya tsaya. Barkono ta ce a hankali, ta yi musayar aiki da wata don ta samu Asabar ɗin nan.

Lahadi, 16 ga Maris

Kunkuru ya kira ni a waya. Ya yi ta zagaye, gwiwarsa, jikokinsa, tsadar batir. Can ya ce, "'Yata, shekara shida na yi tare da ke a kogo. Ban taɓa ganin intanet ɗinki ya zaɓi mutum ba." Ya ce shi ba alƙali ba ne, amma mutum huɗu ne a ƙungiyar, biyu ba su yi min komai ba.

Kunya kamar in nutse. Na tura wa Barkono ban haƙuri, ta turo hoton barkono yana dariya.

Laraba, 19 ga Maris

Don haushi na shiga sabon salon wasan bayan aiki. Gaskiya yana da kyau, ruwa kamar ka sha, ga kiɗa. Na danna madannin, aka jefa ni Kogon Gishiri da wasu huɗu. Na rubuta sannunku. Ba amsa. Gudu kawai, ba mai tsayawa, kowa yana warkar da kansa, ni ina bin su da sanda kamar mai rakiya. Minti goma sha ɗaya aka gama, aka ba ni hula mai walƙiya, suka ɓace. Ko sunan ɗaya ban riƙe ba.

A can da na bar wani ya mutu, da ba wanda zai kira ni washegari. Ban san ko wannan yabo ba ne ko zagi.

Asabar, 22 ga Maris

Yau doguwa ce.

Mun sake fara aiken mabuɗi. Na huɗu shi ne na tsibiri, jirgin ruwa kuma sai bayan kowane minti ashirin da biyar. Muna isa gaɓa muka hango bayansa. Kunkuru ya ce zai dafa shayi, Barkono ta ce za ta kwashe shanya. Suka cire abin kunne. Saura ni da Yaya, mutanenmu biyu tsaye a kan katako, ruwa yana motsi.

Ba abin yi a wurin. Ba dodo, ba ganye. Na buɗe jakata na jera kwalaben magani, na sake jerawa. Minti bakwai.

Ya yi kakin nan. Ya ce, "Auta." Ba mai magani ba.

Ya ce ya san da gangan na yi, kuma ba komai. Na ce ai ya saba barin mutane su faɗi, na ga ya kamata ya ɗanɗana.

Ba zan iya tuna duka ba. Ya ce zuwansa na farko Baba bai gane shi ba, ya ɗauka likita ne, ya roƙe shi ya kira masa ɗansa. Ya fita ya yi amai a bayan mota. Daga nan kullum sai ya ce mako mai zuwa. "Tsoro na ji, Auta. Ba aiki ba ne, ƙarya na yi muku." Na ce ni ma na ji tsoron, amma wa zan bar wa? Ya ce, "Ba kowa. Na sani." Ya ce abin da na faɗa ranar gaskiya ne, da dai na faɗa masa mu biyu.

Ban ce na yafe ba. Bai roƙa ba.

Jirgin ya zo, ba mu lura ba sai da ya tashi. Kunkuru ya dawo ya tarar da mu a gaɓa, ya ce, "Ku biyu kuna tsaye jirgi ya wuce ku?" Barkono ta yi dariya har da tari. Wani minti ashirin da biyar ɗin!

Talata, 25 ga Maris

Ina goge gilashin wani dattijo abin ya faɗo min. Yaya kullum sai ya ce wani ya karanto masa aiken. Ya ja huɗu a madadin biyu. Ranar Asabar ya gaishe da gunkin dutse yana zaton mutum ne. Ba ya gani sosai! Shekara arba'in da huɗu, daidai lokacin da ido ke fara rauni.

Na rubuta masa a cikin wasa, ba a waya ba: "Je a auna idonka. Kuma ka ƙara girman rubutun, yana cikin saiti." Ya amsa, "To, likita."

Asabar, 29 ga Maris

MUN CI! Mun ci Kogon Gishiri!

Bari in rubuta kafin in manta. Awa biyu da rabi. Yaya da sabon tabarau, ya ce ashe dodannin suna da fuska. Ɗaki na uku ya ja biyu cif. Muka isa wurin Uwar Gishiri, ƙatuwar kaguwa mai cika allo. Sau biyu tana watsa ruwan da ke daskarar da mutum, dole kowa ya ɓuya bayan garkuwa. Kunkuru yana ba da umarni yana haɗa sunayenmu, ya kira Barkono da sunan matarsa.

Saura kaɗan kaguwar ta mutu maganina ya ƙare ƙaf. Kunkuru ya faɗi. Layin Yaya ya koma siriri kamar zare. Kwalba ɗaya ta rage min, wadda nake ajiye wa kaina, nawa layin ma ja ne. Ban yi tunani ba, na jefa masa. Ruwan ya same ni, na faɗi ina kallo daga ƙasa: shi tsaye yana shan duka, Barkono a bayansa tana ihu tana harbi, harbi, harbi. Kaguwar ta kife.

Ihun da na yi! Maigida ya shigo da gudu da ludayi a hannu, yaran suna tsalle ba su san dalili ba. Kunkuru yana cewa a ba shi minti ɗaya, wani abu ya shiga idonsa. Barkono ta ce shekara biyar tana wasa ba ta taɓa jin wasa ya shige ta haka ba sai yau.

Abin da muka samu? Takalmi ɗaya mai ƙyalli, kuma bai dace da kowa a cikinmu ba. Muka yi ta dariya. Yaya ya ɗauko gawata a wasan har bakin kogo, wai kada a ce ya bar ƙanwarsa a cikin gishiri.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Yaya ya turo saƙo, a waya wannan karon. Aiki zai biyo da shi ta garinmu ranar Asabar, da matarsa da 'yarsu. Shekararta biyu. Ban taɓa ganinta ba. Ya turo hoto, goshin gidanmu ne sak, abin tausayi.

Na ce masa muna nan, in ya samu lokaci. Haka kawai na ce.

Na gaya wa Kunkuru su nemi wata mai magani wannan makon, har da mai garkuwa. Bai tambayi komai ba, ya ce za su je kamun kifi a wasan shi da Barkono.

Da na taso daga shago na biya kasuwa sayen sabulu, na dawo da 'yar tsana mai jar riga. A kan hanya take, kuma ba tsada. Na sauke labulen falo na jiƙa. Maigida ya tsaya a ƙofa yana kallona a kan kujera, na ce masa kada ya soma.

Labulen dama ya yi datti.