Jan Biro a Kan Wasiƙar Yaya

Makera, Kaduna
6 ga Maris, 1984

Zuwa ga ƙanwata Binta,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Inna tana gaishe ki.

Wasiƙata da kika dawo mini da ita ta iso. Na buɗe ambulan a shagon Okechukwu makanike, ina murna, sai ga takardata ta sha jan biro kamar an yanka kaza a kanta. Okechukwu ya leƙo ya ce, "Oga, ka faɗi jarrabawa ne?" Har yaransa suka yi dariya.

Ni na goya ki zuwa firamare, Binta. Na rubuto miki da Turanci ne don in girmama karatunki, tunda shi kika je jami'a koyo. Wata huɗu kacal, har kin isa ki ja layi a ƙarƙashin maganata ki rubuta "a taƙaita"?

Abin da ya fi ƙona mini rai, kin gyara kowane layi amma ba ki ce uffan ba a kan abin da na gaya miki. Masaƙa ta sallame mu. Ba ni da aiki.

Ki huta lafiya.
Yayanki, Isiyaku

Ɗakin kwanan ɗalibai mata
15 ga Maris, 1984

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Innalillahi! Wallahi sai yau na sani.

Gyaran da na yi, Madam Irene ce, mai koya mana rubutu, ta ce kowa ya samo wasiƙa ta gaske ya gwada hannunsa. Laifina ne da na taɓa taka, ka yafe ni.

Amma ni ma raina a ɓace yake. Shafi uku ka cika da manyan kalmomin da sai na buɗe ƙamus. Ka ba ni labarin gadar Kaduna da tsadar madara, sannan a can ƙasa ka ce hukumar kamfani ta "sake fasalin ma'aikata". Ta yaya zan gane kora ake nufi? Abin da Madam take faɗa mana kullum ke nan: mu daina ɓuya a bayan Turanci, mu faɗi abin da ya kawo mu. Ni ƙanwarka ce, ba manajan masaƙa ba. Da ka ce mini "an kore ni", da a ranar na hau mota.

Yanzu wa zai riƙe gida? Na yanke shawara. Zan ajiye karatun bana in dawo, ko koyarwa ce in nema a Kakuri. Ina tafe ranar Asabar ta sama.

Taka ƙanwa,
Binta

Makera
19 ga Maris, 1984

Binta,

Gaisuwa. Kada ki zo. In na gan ki a tasha, a motar da ta kawo ki zan mayar da ke. Ki zauna ki rubuta jarrabawarki.

Na fara lodin doya a Gonin Gora. Inna ba ta sani ba, don kullum da rigar masaƙa nake fita. In kin rubuto mata, ki ce kawai karatu lafiya.

Allah ya ba da sa'a.
Yayanki, Isiyaku