Irin Gyaɗar En'e Ya Iso

Daren Talata, tsakiyar damina.

Allah ya ja zamanin En'e, ba ta saɓa alkawari. Irin gyaɗar da aka ce za a taimaki manoma da shi yau ya iso ƙofar Dagaci a kan jakuna. Bai ma makara sosai ba, gero ne kawai ya fara fitar da kai.

Tun da bazara malamin gona ya ce Bature zai aiko da iri mai kyau, kada kowa ya shuka tsoho. Ni kuma mai taƙama da sanin kasuwa, da na ga gyaɗa ta yi tsada sai na kai nawa irin kasuwar Bici na sayar. Gonata ta bakin rafi tana nan, ciyawa har gwiwa.

Na ce wa malamin gonar, "Allah ya gafarta Malam, yanzu a wace ƙasa ake shuka?" Ya ce shi rabo aka aiko shi, ruwan sama ba aikinsa ba ne.

A gida mai ɗakina Hauwa ta ce ko mai da ƙuli-ƙuli ta fitar mana. Ta kwance buhu, sai ga gyaɗa an cuɗe ta da maganin ƙwari. Ta ce, "Malam, wannan ko kaza ta ci ba za ta kwana ba."

Ba ta shukuwa, ba ta ciwuwa, ga shi da kaka gyaɗa ce ke biya mini haraji. Gobe kuma an ce mu taru mu yi wa Baturen, wato Di'o, godiya. Wace riga ake sawa zuwa irin wannan godiyar?