Kaset ɗin da ke Cikin Jif ɗin Baba

Jega Magaji, Talata

Zuwa ga Yaya Iklima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da su Raihanatu. Yaya sanyin Maiyama? Mu nan lafiya lau, sai dai ni ban da kwanciyar hankali, shi ya sa na rubuto. Sau uku ina ɗaukar waya ina ajewa.

Yaya, na yi ɓarna. Da Baba ya tafi Umra, sai na ce bari in yi abin kirki kafin ya dawo. Na kai tsohuwar jif ɗinsa wurin Rabi'u mai wayarin motoci. Ya kwance dashbod, ya zare tsohon rediyon nan mai kaset, ya sa sabo mai allon gilashi, wanda ke nuna taswira, wata mata tana faɗin hanya da Turanci. Har kamara ya sa a baya. Ni wawa ina ta murna, na zaga gari sau biyu!

Jiya Baffa Ɗantani ya leƙa cikin motar. Wallahi nan take fuskarsa ta sauya. Ya tambaye ni inda tsohon rediyon yake. Ashe zaman da Baba ke yi cikin mota kullum bayan La'asar, gilashi a rufe, ba labaru yake ji ba. Muryar Inna ce. Kaset ne da ta ɗauka ta aika mishi lokacin da yake kai albasa Ikko, kamar yadda mata ke yi a da. Bayan rasuwarta ya sa shi a motar, ya maƙale, shi kuma ya hana kowa taɓawa kada zaren ya tsinke. Babu wani kwafi.

Kin san da wannan? In kin sani, don me ba ki taɓa gaya mani ba? Baba zai sauka Litinin, kuma kin san hawan jininsa. Ki sa ni cikin addu'a.

Ƙanenki,
Shafi'u

Jega Magaji, Asabar

Yaya Iklima,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan zazzaɓin Raihanatu ya sauka. Na samu saƙonki, na gane ke ma ba ki sani ba. Ki yafe mani zafin da na yi maki, tsoro ne.

Rabi'u ya ce ranar da ya gama aikin ya ba wani mai jari-bola rediyon. Na kusa shaƙe shi, alhali ni na ce mishi ya yar da tarkacen. Mai jari-bolar ya sayar ma wani Isa a Aliero. Na je Aliero, na bi rumfunan albasa ɗaya bayan ɗaya ina tambaya kamar mahaukaci, aka ce Isa na fadama wajen Jiga Makera. Duk hanya matar nan ta cikin allo tana ta ce mani in juya. Ita ba ta san hanyar fadama ba, ni kuma na kasa gano yadda ake kashe ta.

Na iske Isa bakin injin ban ruwa, rediyon na haɗe da batir yana jin labaru. Na tura yatsa cikin bakin kaset. Wayam. Ya ce da ya ga abu ya toshe ciki, sai ya ciro shi da sukundireba, zaren ya zubo, ya jefa a wutar ciyawa. Ya nuna mani tokar. Na durƙusa na tona ta da hannu, Yaya, ban samu komi ba sai wani ɗan roba da ya narke.

Na yi tunanin mayar da tsohon rediyon in yi shiru. To ranar da Baba ya danna ya ji babu komi fa? Abinci ba ya shiga. Ina tsoron fushinsa, amma na fi tsoron in ga ya dafe ƙirji saboda ni.

Naki,
Shafi'u

Jega Magaji, Laraba

Yayata Iklima,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da mutanen gida. Baba ya sauka lafiya, ya ce a gaishe ki, akwai tsarabarki.

Na gaya mishi jiya kafin La'asar, Baffa na zaune da maganin hawan jini cikin aljihu. Baba bai zage ni ba, bai ko ɗaga murya ba, da ma marina ya yi. Ya yi salla, ya ɗauki makulli ya shiga motar. Allon ya haska, matar ta fara Turancinta. Ya yafuto ni in kashe mishi ita, sa'an nan ya ce in zauna.

Sai ya fara faɗin abin da ke cikin kaset ɗin daga farko har ƙarshe, bai tsallake komi ba. Gaisuwa, tsadar gero, haƙorinki da ya fita, da cewa cikin da take ɗauke da shi yana shurinta ba hutu, ta tabbata ɗan nan mai rawar kai ne. Ni ne, Yaya. Shekara tara ina wuce motar nan, ban san Inna na maganata a ciki ba.

Ya ce kalmomin ba za su ɓace mishi ba. Muryar ce yake tsoro, don tun a jirgi ya nemi tuno ta ya ji ta fara yin nisa. Daren jiya bai ci tuwo ba.

Kowa na cewa in kina magana bayan labule sai a ɗauka Inna ce. Na rubuta duk abin da ya faɗa, ga shi na naɗe cikin wannan takarda. Don Allah ki nemi izinin maigida, zan zo ɗaukarki Jumma'a da hantsi. Ban sani ba ko Baba zai yarda, ban sani ba ko zai ƙara mishi ciwo. Ki dai zo, ki zauna a kujerar baya inda ba zai ga fuskarki ba, ki karanta mishi a hankali.

Ƙanenki mai neman gafara,
Shafi'u