Farin ƙyallen da tsoho ya bar min amana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kwana uku ke nan na kasa zama wuri ɗaya.

Ina zaune a Takoma Park a Amurka, ina da wani maƙwabci tsoho, baƙar fatar Amurka, direban bas ne da ya yi ritaya, Baba nake ce masa. Ɗan ƙungiyar asirin nan ta Mason ne, bai taɓa ɓoyewa ba, bai kuma taɓa cewa in shiga ba. Ni mutum ne mai zafin kai, abu kaɗan na hau sama. Wata rana ya ji ina zazzaga wa ƙanena masifa a waya, na ce masa ai ni ba na sata ba na shan giya, me aka fi ni? Ya yi dariya ya ce wannan ko matsoraci yana iyawa, su a wajensu mutum ɗanyen dutse ne, kullum sai ya sassaƙe wani gefe na halinsa. Duk Lahadi sai ya tambaye ni me na sassaƙe. Wallahi ta dalilinsa na nemi gafarar ƙanen nan, bayan shekara biyu muna gaba.

Da za a kai shi gidan kula da tsofaffi ya ba ni wani farin ƙyalle na fata da suke ɗaurawa a ƙugu, ya ce can kaya ɓacewa suke, idan ya mutu in kai a ɗora kan akwatin gawarsa. Na amsa.

To ya rasu, Asabar za a binne shi. Matata ta ga ƙyallen ta ɗora hannu a ka, wai kayan tsafi na shigo mata da shi cikin 'ya'ya, wai in aka ɗauke ni hoto a cikin 'yan Mason wajen binnewa aka sa a Fesbuk na gama yawo a masallacinmu, har Zariya sai an kai wa mahaifina. Kuma ba ƙarya ta yi ba, na san bakin mutanenmu.

Jiya 'yarsa ta kira tana kuka, sun duba ko'ina ba su ga ƙyallen ba, ko ya bar wani abu a wajena? Jama'a, sai ji na yi bakina ya ce a'a. Kunyar kaina nake ji.

In kira ta in ce ƙarya na yi, ko in bari a rufe shi haka?